Neman Gabas a Birnin Kewayau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai nemi mai taya shi ba, ya ɗaga sama bai kafa mata ginshiƙi ba, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba ɗan Adam ƙafa da tambaya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ku gyara zama ku ji abin da ya sami Kandala 'yar Barmo, mai daddawa ta garin Rafin Gauta, wadda ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyen gaba ba sai da furfura ta cika mata kai, sannan ta tashi ta keta ƙasashen da ko fatake sai sun yi shawara kafin su shiga. Ni ce Kandalar. Ba dukiya na fita nema ba, ba kuma suna ba. 'Yata na bi.

'Yar fari ce, kun kuwa san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Da aka yaye ta kakarta Hajjo ta ɗauke ta, ta tashi tana ce wa kakar Inna, ni kuma tana ce mini Yaya. In ina so ta miƙo mini ludayi sai in dubi bango in ce, wai babu kowa a gidan nan ne? Na haifi wasu a bayanta, na kira sunayensu son raina, na goya su, na yi musu tawai, Allah ya karɓi abinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya zamana wadda ta rage mini a duniya ita ce wadda bakina bai saba da sunanta ba.

Yarinya ce mai tambaya tun tana ƙarama. Me ya sa hadari yake tasowa daga gabas, me ya hana ruwa hawa tudu, ina wuta take zuwa idan ta mutu. Mahaifinta, Malam Jatau, yana dariya yana amsa abin da ya sani, abin da bai sani ba ya ce su nema tare. Da ya rasu sai tambayoyin suka rasa mai karɓa. Ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida. Ana haka fatake suka zo da labarin wani birni mai suna Kewayau, inda ake koya wa kowa komai, mace ko namiji, ba a tambayar daga ina ka fito. Ta nemi izinin kawunta ya ba ta, sannan ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce za ta tafi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ɗaga kai daga kalwar da nake tsincewa ba.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana wani falke ya sauka a garinmu ya ce ya gan ta, ta zama babbar masaniya, tana cikin masu kula da abin da ke riƙe da birnin. Sai ya rage murya ya ƙara da cewa a can ba a kiran salla, kuma duk zaman da ya yi bai ga ta kai goshi ƙasa ba. Kafin yamma matan unguwa sun fara shigowa yi mini jaje, kowace da irin kallonta, har da waɗanda na san sai rana ta take suke sallar asuba. Na raba sauran daddawata ga maƙwabta, na ƙulle 'yan tsummokarana, na ci alwashin sai na dawo da ita ko da a ka zan ɗauko ta.

Na bi ayari har inda hanyarsu ta rabu da tawa. Daga nan na ratsa wani daji mai fararen itatuwa, waɗanda inuwarsu ke bin mutum tana sauya masa hanya, na fito da ƙyar na tarar da wani gari mai ganuwa, tsaf da shi, ko tsinke babu a ƙasa. Mutanen garin suka tarbe ni da fura da ruwan wanka. Sai da na huta na lura kowa yana da igiya ɗaure a ƙugu, babba da yaro, kuma duk igiyoyin sun haɗu da wata babbar igiya guda da ta ratsa kowane lungu ta shiga kowane gida. Magajiyar garin, wata dattijuwa mai taushin murya, ta ce a zamanin kakanninsu 'ya'yansu sun yi ta ɓata a dajin nan, shi ne aka yi wannan dabara, tun daga ranar ba su sake rasa kowa ba. Idan lokacin salla ya yi liman ya ja igiya, gari duka ya miƙe, ya sake ja, gari duka ya sunkuya. Haka cin abinci, haka zuwa gona.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya burge ni. Na ce a raina, da a nan aka haifi yarinyar nan da yanzu tana gabana. Ina cikin wannan tunani na ji an zagaya ƙuguna da igiya an ƙulle. Magajiya ta ce baƙo ba ya zama a garinsu a sake, kuma wanda aka ɗaure ba a kwance shi, ba don mugunta ba, don ƙauna.

Na zauna cikinsu ina kallo. Matar da ke gefena a sahu barci take yi tun daga kabbara har sallama, igiya ke yi mata komai. Wani tsoho kuma ya cika tun da hantsi, igiya ta yi ta tayar da shi tana sunkuyar da shi, ba wanda ya gane sai da aka ajiye tuwo bai miƙa hannu ba. Ranar ban ci tuwon ba. Na gwada kwance ƙullin ya ƙi, na roƙa aka yi mini murmushi. To, tun da roƙo bai ci ba, sai na zame musu kaya. Idan aka ja za a tafi gona in ce ƙaya ta soke ni, in zauna ina cirewa a hankali, gari duka yana tsaye a rana. Ana zama cin abinci in ce zan zagaya, sai liman da sarki da masu jego duk su taso su raka ni bakin katanga. Dabarar da ta fi ci musu rai ita ce ta sujada. In na kai goshina ƙasa ba na ɗagowa, a ja, a ja, in ce ban gama gaya wa Ubangijina abin da ke raina ba. Wannan kam ba ƙarya na yi ba, ina da abin faɗa da yawa. Ba a daɗe ba Magajiya da kanta ta zo da wuƙa tana hawaye ta yanke igiyar, ta ba ni guzuri, ta ce tana tausayina don ɓata zan yi. Na yi mata godiya har zuciya, mutanen kirki ne.

Na ci gaba da tafiya har na iso bakin wata fadama da ido ba ya ganin ƙarshenta, taɓo ne baƙi wuluk, ba jirgin da ke bi. A bakinta wasu tsuntsaye ke kiwo, siffarsu ta gauraka, amma kowanne ya kai raƙumi. Na tarar da wani mutum mai babban rawani yana wanke taɓo daga gemunsa. Shi ya gaya mini cewa tsuntsayen nan su ke ƙetarar da matafiya, ba sa karɓar lada, sharaɗinsu ɗaya, ka faɗi abin da zai kai ka. Idan gaskiya ka faɗa su tashi da kai, idan ba ita ba ce ka yi musu nauyi su zubar da kai. Shi ya ce neman ilimi zai je, ashe so yake a ce ya je. Na yi masa sannu, ina dariya a ciki, don ni na san dalilina wankakke ne.

Na hau bayan wata mai jan tukku na ce, zan je in dawo da 'yata kan hanya saboda Allah. Ta buɗe fiffike ta tashi. Na ce madalla. Amma ba mu yi nisa ba na ji ta fara sauka, tana haki, har ƙafafuna suka fara shafar taɓo. Na gane abin da na faɗa gaskiya ne amma da saura. Na ce to, da bakin matan unguwa ma, na gaji da jajensu. Ta ɗan ɗaga, ta sake yin ƙasa. Taɓo ya kai mini gwiwa, warinsa ya cika mini hanci. Sai kawai na ji bakina yana magana ba da shawarata ba.

"Ita kaɗai gare ni. Na rasa ta a duniya ina kallo ban ce komai ba. Ina tsoron in tashi gobe kiyama in duba gefena ban gan ta ba."

Tsuntsuwar ta yi sama da ni har fadamar ta koma kamar baƙin zane da aka shanya. Na kifa fuskata a gashin wuyanta na yi kukan da ban yi ba ranar da yarinyar ta tafi.

Bayan fadamar akwai wani tafki mai ruwan ɗumi, tururinsa yana tashi kullum ya rufe sama, rana ba ta fitowa sai dai haske. A tsakiyarsa birnin Kewayau yake, a kan wani faffaɗan dutse mai kama da faifai, dutsen kuma yana kan turke guda da aka kafa a ƙasan ruwa. A ƙarƙashi akwai manyan ƙafafun katako, irin na amalanke, da ruwa ke turawa, su kuma suna juya dutsen da duk abin da ke kansa, gidaje da kasuwa da itatuwa. A hankali yake juyawa, ba ka ji a jikinka, amma kafin tukunyar tuwo ta nuna birnin ya zagayo inda ya fara.

Tsuntsuwar ta sauke ni a bakin ƙofa. Mai tsaron ƙofar, wani dattijo mai fara'a, ya tambaye ni wa nake nema. Na ce 'yar Malam Jatau. Ya ce a nan ba a sanin mutum da ubansa. Na ce jikar Hajjo ta Rafin Gauta. Ya ce ba a sanin mutum da garinsu. Na ce wata doguwa mai yawan tambaya, ya ce rabin birnin ke nan. Na yi kwana-kwana, na ce sunanta ɗaya da ƙanwar limaminmu, ya yi dariya ya ce bai sami sanin limamin ba. Raina ya ɓaci, na ce wane irin gari ne wannan da za a sa uwa ta kama sunan 'yar fari a bakin ƙofa? Ya ce ba tilas, ina iya zama a nan muddin raina, ga tabarma. Na duba hagu, na duba dama, na rufe ido na ce, "Kubura." Sunan ya fito da ƙyar, amma ya yi mini daɗi a baki, har na ji haushin shekarun da na yi ban faɗe shi ba.

A hanya dattijon ya ba ni tarihin birnin. Ya ce da can a tsaye yake kamar kowane gari. Mutane iri-iri suka taru a cikinsa, kowa da inda yake fuskanta idan zai yi bauta, sai rigima ta tashi a kan wa zai gina ɗakin ibadarsa a ina, wa ya tare wa wani gabansa, muryar wa ta danne ta wa. Aka yi ta kashe juna har aka rasa masu haƙa kabari. Waɗanda suka rage suka yi rantsuwa, suka ɗora birnin a kan turke, don kada wani ya sake cewa shi ke da gabas ko shi ke da yamma. Tun daga nan ba a sake zubar da jini ba. Ya ce ba a hana kowa bautarsa, ba a kuma tambayar kowa, kira ne dai ba a yi da ƙarfi. Na so in sami abin kushewa a maganarsa, amma ya ce kakansa na cikin waɗanda aka binne a rami ɗaya, sai na fasa.

Na kuma ga abin mamaki. Rumfuna ne ko'ina, a wannan ana koyar da tafiyar taurari, a waccan ana buɗe cikin tsiro ana duba yadda yake sha, a wata ana narka yashi yana zama gilashi. Tsohuwa kamar ni tana ɗaga hannu ta yi tambaya ba wanda zai ce ta cika shishshigi. Na tuna Malam Jatau. Da ya ga wurin nan da ba zai so komawa gida ba.

Aka kira ta ta fito daga ƙarƙashin birnin, hannuwanta duk man shafa wa katako. Ta yi ƙiba kaɗan, ga 'yar furfura a gefen kunne. Ta tsaya tana kallona, sai ta zube ƙasa ta ce, "Yaya, ke ce? Da ƙafarki?" Zuciyata ta yi tsalle ta rungume ta, ni kuwa na kau da kai na dubi bango na ce, an same ku lafiya?

Ta kai ni ɗakinta, ta dafa mini ruwa, ta yi mini tuwo da miyar kuka, ta ba ni haƙuri wai daddawar garin ba ta kai tawa ba. Gaskiyarta, ko kusa. Da na kintata la'asar ta yi na yi alwala na shimfiɗa tabarma, sai na tsaya. Ina gabas? Babu rana, babu inuwa. Na tambayi maƙwabciya ta nuna mini da hannu ta ce, yanzu dai can ne. Na tayar da salla ina kallon taga, kafin in sallame na san na karkace, don gabas ta bar tagar ta koma wajen murhu. Haka na yi ta fama. Kullum in yi salla in tashi zuciyata ba ta kwanta ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Wata rana na tsaya kallon masu hura gilashi, na shagala, azahar ta zo ta wuce har la'asar ta kusa. Babu ladan, babu maƙwabciya mai leƙe, ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai damu in ya sani. Na koma ɗaki na rama sallar, na zauna ina tambayar kaina, shin duk shekarun nan ni ke tashi ko tayar da ni ake yi? Ban sami amsa a ranar ba. Abin da na sani shi ne, daga nan duk sallar da na yi a birnin, ni na ɗauki ƙafata na je.

Ita kuwa ina lura da ita. Tana fita da sassafe, ta dawo ta yi mini hidima, in na tayar da salla ta fita tsakar gida ta ba ni wuri. Falke bai yi ƙarya ba. Na rasa ta inda zan ɓullo, tun da ban saba yi mata magana kai tsaye ba. Sai na koma yi wa randa magana. In ta shigo in dubi randa in ce, wasu dai ubansu malami ne, da allo aka yaye su. Ita ma ta dubi randar ta ce, wasu kuma sun sha hanya, ya kamata su huta. Randar nan ta ji abin da ya fi ƙarfinta.

Ranar da abin ya ishe ni na juya wa randa baya, na dubi 'yata ido cikin ido, karo na farko tun ranar da ungozoma ta miƙo mini ita. Na ce, "Kubura, me ya raba ki da salla?"

Jin sunanta a bakina ya tsayar da ita cak. Sannan ta zauna a gabana ta ce, "Yaya, ba wanda ya hana ni. Wata rana na yi kabbara, na ji bakina yana karatu, ni kuwa ba na wurin. Na duba baya na ga tun ina yarinya haka nake yi, don kada a yi magana. Sai na ji kunyar in tsaya gaban Allah da ƙarya. Ban ce babu shi ba. Ban sani ba ne, kuma ban daina nema ba."

Na yi mata faɗa, na yi nasiha, na kawo ubanta, na kawo kabari, na kawo wuta. Ta saurara kanta a ƙasa ba ta katse ni ba. Da na gaji na gaya mata abin da na gaya wa tsuntsuwa. A nan ne ta yi kuka. Ta share ido ta ce, "In zai kwantar miki da rai, daga yau zan tsaya a bayanki, in kin sunkuya in sunkuya, in kin ɗago in ɗago. Ki koma gida ki ce da idonki kin gan ni ina salla."

Abin da na keta duniya ina nema ke nan, ga shi an ajiye mini a hannu. Wallahi har na buɗe baki zan ce to. Na dubi fuskarta, na ga za ta yi ɗin, za ta yi har ranar da zan mutu, kuma kullum za ta ɗan ƙara nisa da ni da Wanda nake so ta samu. Na ce, "A'a. Ba ni za ki yi wa ba." Ban taɓa furta maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Washegari na fara haɗa kayana. Na ce mata zan koma, na kasa ɗaukar ta, kuma ba zan iya ƙarasa kwanana a garin da ban san inda zan sa gabana ba. Ta fita aikinta. Da la'asar na shimfiɗa tabarma na tsaya kamar kullum ina juye-juye, ina neman wanda zan tambaya. Sai na ji takunta a matakala, ba lokacin dawowarta ba ne. Ta shigo tana haki, ta goge hannu a zaninta, ta durƙusa ta kafa kunne a daɓe. Ashe ita ta san kukan kowace ƙafar katako a ƙarƙashin birnin, daga sautin take gane inda aka kai a zagaye. Ta miƙe ta zo bayana, ta ɗora hannuwanta a kafaɗuna, ta juya ni a hankali.

"Nan ne gabas, Yaya. Ki yi sallarki, ni zan riƙe miki."

Na yi kabbara. Ina karanta Fatiha ina jin tafin hannunta yana matsa kafaɗata ta dama kaɗan-kaɗan, ina bi. Na yi ruku'u ta dafa bayana. Na yi sujada ta jira, na ɗago ta gyara mini zama. Birnin yana tafiya da gidajensa da kasuwarsa, ni kuwa ina nan inda na fuskanta. Tun da aka yaye yarinyar nan jikina bai taɓa nata ba sai ranar. Hannunta da ɗumi, yana warin man katako, kuma ya fi nawa ƙarfi. Na yi karatun da hawaye yana shiga mini baki, ban taɓa sanin abin da nake faɗa kamar ranar ba. Da na sallame na juya dama, fuskarta na fara gani.

Na kwance ƙullin kayana a yammacin nan. Wanda yake son daddawa ta gaskiya a Kewayau yanzu ya san ƙofar da zai buga, kuma in na sami sarari nakan je rumfar masu taurari in ɗaga hannu in yi tambaya, wani lokaci har malamin ya rasa amsa, in ji daɗi. Ban dawo da 'yata kan hanya ba, kada wani ya je ya ce na ce. Har yau ba ta yi kabbara ba, ban kuma sake tambayarta ba. Abin da ke tsakaninta da Ubangijinta ba a hannuna yake ba, na daina yi kamar a hannuna yake. Tsoron nan kuwa yana nan, bai tafi ba, da shi nake kwana da shi nake tashi.

Amma sau biyar a yini, ko tana tsakiyar aiki, ko ana ruwa, ko jikinta ba daɗi, sai ta hawo. Ni nakan shagala, ita ba ta taɓa makara ba. Idan na kai goshina ƙasa na san abin da nake roƙo, ita ma ta sani, don ba na rage murya, kuma ba ta taɓa janye hannunta ba.

Iyakar abin da ya sami Kandala 'yar Barmo ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ya fi ni sani. Ku ɗan matsa mini in shimfiɗa tabarma. Ga takunta nan a matakala.